Duman rafi: koren ganyen da ke sa bisashe karkarwa a kwarin Komadugu

Rana ta riga ta take lokacin da muka isa rugar, yamma da garin Diffa, tsakanin titin kwalta da bakin kogin Komadugu. Watan Afrilu ne, a shekarun da aka hana hawan babur a jihar, don haka a bakin titi muka bar mota, muka ƙarasa da amalanken jaki. Saƙon da ya iso mini tun da dare gajere ne: wata cuta ta faɗa wa tumakin wani dattijo, suna karkarwa suna faɗuwa, har ya aika a kira mahauta kafin su zama mushe.

Na tarar da shi a gindin aduwa, ya kafa wa garken ido. Bayan mun gaisa, na tambayi lafiyar iyali da ta bisashe, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna mini. Ya ce, "Likita, ga su nan, ka gani da idonka. Tun ina yaro nake kiwo. Na san boru, na san saifa, na san ciwon huhu. Wannan kam ban san sunanta ba."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri da maganar mahauta tukuna, bari in duba su."

Tumakin uda ne, dogaye, amma duk haƙarƙarinsu a waje. Idan suna kwance a inuwa, in ban da ɗan kaɗa kai da suke yi, ba za ka ce da abin da ke damunsu ba. Da yaro ya taso su kuwa, sai abin ya fito fili. Kai da wuya su fara rawa, rawar ta gangara kafaɗa har ta game jiki. Suna ɗaga ƙafa sama fiye da kima kamar masu tsallake wani abu, suna tangaɗi, suna ware ƙafafu don kada su kife. Wata ta yi taku kaɗan ta faɗi gefe guda tana shure-shure. Da aka ƙyale ta, aka daina hayaniya, sai ta natsu, ta miƙe da kanta, ta kai baki ga busasshen karan da ke kusa da ita.

Kuskuren da na fara yi

Na zaro ma'aunin zafin jiki na gwada guda biyar. Babu wadda ta kai digiri 40, wato babu zazzaɓi. Ba majina, ba zawo, ba miki a baki. Idanunsu garau, suna bin mutum da kallo, suna tuƙa. Wannan ya sa na cire annobar ƙananan dabbobi daga lissafi, na kuma rage zargin cutar da kaska ke kawowa.

Zuciyata sai ta tafi ga maganin ƙwari. Kwarin Komadugu gidan noman tattasai ne, kuma duk wanda ya yi aiki a nan ya san yawan feshin da ake yi, da yadda ake yar da galan da robobin magani a bakin gonaki, wani lokaci ma a wanke injin feshi a kududdufin da dabbobi ke sha. Sai dai dabbar da ta sha irin wannan guba yawu ke dalala daga bakinta, ta yi zawo, numfashi ya yi mata wuya, ƙwayar idonta ta tsuke, kuma abin yakan auka cikin sa'o'i kaɗan. Waɗannan tumaki sun kwana biyar a haka, suna ci suna sha.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne 'yan tumakin da ke turke. Dattijon ya kai ni wata rumfar kaba inda aka ɗaure ƙanana, waɗanda ba su kai wata guda da haihuwa ba. Ba su taɓa fita kiwo ba, ba su taɓa sa ganye a baki ba, amma uku daga cikinsu suna karkarwa irin ta iyayensu. Nan na ce a raina, ai kuwa abin da ya kama uwa ya kama ɗa a turke, cuta ce mai yaɗuwa. Har na buɗe jaka zan ɗauko allura.

Wata tsohuwa Babarbariya daga ƙauyen da ke kusa, wadda ta zo sayen nono, ita ta tsayar da ni. Ta daɗe tana kallonmu ba ta ce uffan ba. Sai ta tambayi yaron da ke kiwon inda yake kai su da rana. Ya ce bakin kogi, can inda ruwa ya janye, domin nan ne kaɗai ake samun ɗanyen ganye. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kafin ka huda su, je ka ga abin da suke ci."

Na ce, "To, Iya." Na mayar da allurar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Muka bi yaron zuwa gaɓar kogi. Ruwa ya tsaya da gudu, sai tafkuna nan da can a tsakiyar yashi. Gaɓar kuwa shimfiɗe take da kore shar kamar an baza tabarma. Duman rafi ne, tun daga bakin ruwa har gindin goruba. Ga sawun tumaki, ga kashinsu, ga yaɗon an cinye masa ganye har ya koma tsirara a wurare da dama.

Tsiron da kowa ya sani

Babu wanda ya tashi a bakin rafi ko fadama a ƙasar Hausa da bai san duman rafi ba. Wasu na kiransa duman kada. Sunayen nan biyu tsofaffi ne, domin likita J. M. Dalziel ya rubuta su a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. Masana tsirrai na kiransa Ipomoea asarifolia, kuma ɗan uwan dankali ne na jini, shi ya sa furensu ya yi kama.

Tsiro ne mai yaɗo a ƙasa, ba ya mutuwa da wucewar damina. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta sake saiwa, don haka tushe guda kan mamaye fili mai faɗi. Jikin yaɗon yakan yi ja-ja, ganyen kuma mai kauri ne, kewayayye, da ɗan lotsawa a wajen kara kamar ƙoda. Furensa kamar mazurari yake, mai launin shunayya, cikinsa ya fi duhu. Da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yanƙwane. Yana son yashi mai ruwa a ƙarƙashi: gaɓar kogi, bakin tabki, kwari, gefen rijiyar da ruwa ke malala. Ana samunsa a faɗin Afirka ta Yamma, da Indiya, da ƙasashen Amurka ta Kudu masu zafi.

Mutane na amfana da shi. Masu maganin gargajiya kan dafa ganyen a yi sirace ko wanka saboda zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Saiwarsa tana riƙe yashin gaɓa, tana rage zaizayar ƙasa lokacin da kogi ya cika. Dabba kuwa, muddin tana da abin ci, ba ta kula shi. Za ka ga saniya ta taka shi ta wuce, akuya ta shinshina ta kau da kai. Shi ya sa makiyaya da yawa suka tsufa suna ganinsa ba su taɓa sanin yana da illa ba.

Inda gubar take

Mafi yawan abin da aka sani game da illarsa daga ƙasar Brazil ya fito. A arewa maso gabashin ƙasar akwai yanki mai dogon rani kamar namu, inda ake kiran tsiron da suna salsa. Tun 1960 likitocin dabbobi a can suka gwada ciyar da shi ga dabbobi masu tuƙa, suka ga ya haifar da irin karkarwar da makiyayansu ke kuka da ita. Daga baya an tabbatar da abin a tumaki, awaki, shanu, har da ɓaunar gida ta tsibirin Marajo.

An daɗe ana neman abin da ke cikin ganyen. A 2011 masana suka ba da suna ga wani irin fumfuna da ke rayuwa a jikin tsiron, suka kira shi Periglandula. Yana zaune a saman ganyen, ba ya sa wa tsiron cuta, kuma yana bin irin daga tsiro zuwa 'ya'yansa. A 2017 kuma masu bincike na cibiyar nazarin tsirrai masu guba da ke garin Logan, a jihar Utah ta Amurka, suka gano a ganyen wasu sinadarai na dangin da aka san yana sa dabbobi karkarwa, irin waɗanda fumfuna ke haɗawa. Sinadaran suna rikita saƙon da ke tafiya tsakanin ƙwaƙwalwa da tsoka. Wannan ne dalilin da ya sa dabbar ke cikin hayyacinta amma jikinta ya ƙi bin umarninta, kuma abin ke tsananta idan an kora ta ko an firgita ta.

Binciken Brazil ya kuma warware mini matsalar 'yan tumakin turke. An ga 'yan tumaki da maruƙa da aka tsare a gida suna karkarwa alhali iyayensu ne kaɗai ke fita kiwo inda tsiron yake. Gubar tana bi ta nono. Wani lokaci ma uwar ba ta nuna alama sosai ba, ɗan ne ke nunawa, saboda ƙanƙantar jikinsa.

Babu allura ko ƙwayar da ke karya wannan guba. Amma akwai labari mai daɗi: idan aka raba dabba da tsiron, yawanci takan warware da kanta, wata cikin kwanaki kaɗan, wata sai ta yi mako biyu ko fiye. Waɗanda ke mutuwa galibi hatsari ke kashe su. Wata ta kife a cikin ruwa ta kasa ɗaga kai, wata ta faɗa rami, wata ta kwanta a rana ta kasa tashi zuwa wajen ruwa, ga kuma yunwar da ta riga ta cinye ta.

Me ya kai tumakin ga duman rafi?

Da muka dawo gindin aduwa na yi wa dattijon bayani, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya san tsiron sarai, akwai shi a bakin tafki inda ya yi shekaru yana cin rani, amma bai taɓa ganin tunkiyarsa ta ci ba. Gaskiya ya faɗa. A can ba ta da dalilin ci.

Kudancin jihar Diffa na samun ruwan sama wajen milimita 300 a shekara, cikin wata uku kacal. Sauran watanni tara dabba na rayuwa ne da busasshiyar ƙarangiya da sauran ciyawar tudu, da ganyen itatuwa, da abin da manoma suka bari a gona. Ma'aikatar kiwo na lissafa cewa babbar dabba mai nauyin kilo 250 tana buƙatar kilo 6.25 na busasshen abinci kullum, wato kusan tan 1.7 a kwana 270 na rani. Tunkiya na buƙatar wajen kilo guda a rana. A shekarar da damina ta gaza, tudu ba ya iya ɗaukar wannan nauyi.

Wurare biyu ne ke ceton makiyayan Diffa tun kaka da kakanni. Na farko Tafkin Chadi, inda ruwa ke janyewa ya bar ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, mahaifar shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, waɗanda ake adana irinsu a cibiyar Sayam. Na biyu kwarin Komadugu. Kogin ya samo asali ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ya ratsa Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu na tsawon kimanin kilomita 150, sannan ya faɗa tafki kusa da Bosso. Yakan kawo ruwa da damina, ya cika bayan kaka, ya tsaya da gudu da rani. Madatsun ruwa na Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, duka a jihar Kano, sun canza yawan ruwan da ke gangarowa da lokacin zuwansa. A gefe guda kuma gonakin tattasai da shinkafa da albasa sun ci mafi yawan fadamun da a da ake kiwo.

Sai ga rikicin Boko Haram. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutane daga tsibiran tafki. Makiyaya Fulani, Buduma, Larabawa da Barebari suka rasa makiyayarsu ta rani. Tsallaka kogi zuwa Borno da Yobe ya zama kasada. Dubban dabbobin da a da ke warwatse suka cunkushe a gefen babban titi da 'yan guraren da ake iya kaiwa a bakin kogi. Kafin watan Maris ya ƙare, an lashe duk abin da ake iya ci. Abin da ke saura kore shi ne abin da dabba ta ƙi tun farko.

Dattijon nan yana cikin waɗanda aka taso daga bakin tafki. Tumakinsa baƙi ne a wurin, ga yunwa, ga shayarwa. Yaron da ke kiwonsu kuma ya ga kore ya ɗauka ya yi dabara. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Tun daga ranar nake ɗaukar karkarwar duman rafi a matsayin alama: duk garken da na ga tana ciki, na san abincinsa ya ƙare tun makonni da suka wuce.

Yadda za a bambanta shi da sauran cututtuka

Ba kowace karkarwa ce ta duman rafi ba, kuma kuskure a nan yana iya cin ran dabba, har da na mutum. Ga abubuwan da nake dubawa, waɗanda nake koya wa mataimakan likitocin dabbobi na ƙauyuka.

Idan duman rafi ne, dabbobi da yawa ne ke kamuwa a lokaci guda, a ƙarshen rani, bayan sun yi kwanaki suna kiwo inda tsiron yake. Babu zazzaɓi. Suna ci, suna sha, suna gane mai su. Karkarwar na ƙaruwa idan an taso su, tana raguwa idan sun huta.

Idan akwai zazzaɓi mai zafi, dabba na tauna baki, tana faɗuwa tana harba ƙafafu, ga kaska a jikinta, musamman in daga kudu ta dawo, to a yi zargin cutar kaska mai tara ruwa a jakar zuciya. Wannan tana kisa da sauri, kuma allura na taimakawa idan an yi da wuri.

Idan tunkiya guda ce tak ke kewaya wuri ɗaya, ta karkatar da kai, abin na ƙaruwa mako bayan mako, yawanci ƙullutun tsutsa ne a ƙwaƙwalwa, wanda ake ɗauka daga kashin kare. Ba ta warkewa da canjin makiyaya. In an yanka, kada a jefa wa karnuka kan.

Idan yawu na zuba, ga zawo, ga tsukewar ƙwayar ido, kuma an yi feshi kusa, maganin ƙwari ne. A nemi likita nan take, domin akwai allurar da ke karya irin wannan guba. A kawo robar maganin in an same ta.

Idan dabba ta canza hali, tana kuka ba ƙaƙƙautawa, tana kai wa mutane hari ko ta kasa haɗiya, a tuna da haukan kare. Kada kowa ya sa hannu a bakinta. A killace ta, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Akwai kuma wani ɗan uwan duman rafi da ya kamata a sani, Ipomoea carnea. Shi a tsaye yake, ya fi mutum tsawo, karansa da rami a ciki, ana dasa shi shinge a garuruwa da gonaki. Gubarsa daban ce, tana taruwa a hankali, awaki kan saba da cinsa har su riƙa nemansa, kuma wadda ta daɗe tana ci ba ta cika komawa daidai ba.

Abin da muka yi a rugar

Ba mu yi allura ko ɗaya ba. Da farko muka hana garken komawa gaɓar. Aka riƙa ɗebo ruwa da jarka a kan amalanke ana ba masu karkarwar a kwano, a inuwa, nesa da tafki da bakin rijiya. Na roƙi yara su daina kora su da gudu, a kuma ɗaure kare. Waɗanda suka kasa tashi ana gyara musu kwanciya a kan ƙirji, ana juya su safe da yamma, don kada ciki ya kumbura.

'Yan tumakin turke muka rage musu shan iyayen da abin ya fi kamawa, muka haɗa su da tumaki biyu da ba su nuna alama ba, da wata akuya da ke gida ba ta fita. Na kuma ba matan gidan shawarar da nake bayarwa game da kowace dabba marar lafiya: a dakatar da ba ƙananan yara nononta har ta warware.

Babban aikin shi ne abinci. Hana dabba duman rafi ba tare da an ba ta wani abu ba, canza mata hanyar mutuwa ne kawai. Dattijon ba shi da kuɗi a hannu. Muka zauna muka yi lissafi. Mahautan da ya kira sun ga dabba na faɗuwa, don haka ko rabin kuɗinta ba za su ba da ba. Maimakon ya zubar da tumaki goma a haka, ya zaɓi raguna biyu masu lafiya aka kai kasuwa, aka sayo dusar alkama da ƙwayar auduga. Tsohuwar nan ta haɗa shi da wani manomi a ƙauyensu mai tarin bambaron shinkafa da harawar wake, suka daidaita a kan taki: garken zai kwana a gonarsa kafin shuka. Yara kuma suka shiga tsintar 'ya'yan gawo da na bagaruwa. Aka ajiye kanwa a kwano.

Na koma bayan kwana goma. Tunkiya guda ta mutu, wadda dama ta fi kowace ramewa. Sauran suna tafiya daidai, in ban da biyu da kansu ke ɗan rawa idan sun gaji. 'Yan turke suna ta tsalle. Dattijon ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce in na ga tsohuwar in gaishe ta, domin ita ce likitan.

Na sha tuna abin da zai faru da na yi allurar nan. Da tumakin sun ci gaba da zuwa gaɓa, da karkarwar ta ƙaru, da an ce maganin ne bai yi ba a ƙaro wani. Na ga hakan a wasu rugage: an kashe kuɗin dusa wajen sayen kwalaben maganin da ake tallansa a rana a kasuwa, daga ƙarshe a yanka dabbar a sayar da naman da magani bai gama fita daga cikinsa ba, alhali irin allurar nan mai dogon aiki tana buƙatar a jira mako uku ko fiye kafin a ci nama.

Kafin bazara ta zo

Wasu na tambayata me ya sa ba za a tuge tsiron gaba ɗaya ba. Ba zai yiwu ba, domin kowace gaɓa da ta saura a ƙasa za ta sake tohowa, kuma gaɓar kogin da aka tsiraita ruwa ne zai cinye ta. Abin da ke da amfani shi ne a share shi daga inda ake ɗaure dabbobi, da kewayen rijiyoyi da mashaya. Abin da aka tuge a binne ko a ƙone, kada a tara shi inda dabba za ta kai baki. Masu yankan ciyawa don sayarwa a cikin gari su kula kada ya shiga dami, masu turka rago a gida su ma su riƙa duba abin da suka saya.

Ga makiyayi, lokacin shiri shi ne kaka, sa'ad da dabba ke da ƙiba da daraja, dusa da harawa kuma ke da araha. Ragon da aka sayar a watan Nuwamba yana sayen abincin da raguna uku ba za su saya ba a watan Mayu. A fi ba masu ciki da masu shayarwa kulawa, domin su yunwa ta fi tura wa ga abin da bai dace ba. Garken da ya zo baƙon wuri, a ba shi abinci kafin a sake shi, kada ya isa gaɓa da cikin wofi. A kuma nuna wa yaran da ke kiwo tsiron da hannu, a gaya musu dalili. Su ne ke tare da dabbobin daga safe har yamma.

Ga hukumomi da ƙungiyoyi, rumbunan abincin dabbobi su cika tun watan Fabrairu, a kuma kai su kusa da inda garkuna suka taru. Buhun da ya iso bayan ruwan farko ya makara. Gangamin rigakafin da ake yi kowace shekara dama ce ta yi wa makiyaya bayanin tsirrai masu guba, tunda an riga an tara su wuri guda. Dokar kiwo ta Nijar mai lamba 2010-029, ta ranar 20 ga Mayu 2010, ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma kare hanyar dabbobi zuwa ruwa. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da kwamitocin kula da filaye na ƙauyuka da gundumomi suna da aikin tabbatar da cewa burtalai da mashayun Komadugu ba su shige cikin gonaki ba. Duk burtalin da aka toshe, garke ne aka tura inda ba shi da zaɓi.

Har yanzu idan na bi gaɓar Komadugu da sassafe a watan Afrilu, ina tsayawa in kalli duman rafi ya buɗe furanninsa a kan yashi. Abin da nake dubawa shi ne ganyen. Idan na same shi cikakke, ba a taɓa shi ba, na san garkunan yankin suna da abin ci. Idan na ga an fara gatsarsa, ba na jiran a aiko mini da saƙo, nakan bi sawun har rugar in tambayi mai garken abin da ya rage masa na dusa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu.